Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu ƙera na'urar gwajin suga: ku zo Katsina a watan Afrilu

Zuwa ga kamfanonin da ke ƙera na'urar gwajin suga, da dillalan da ke shigo mana da ita. Kwafi ga hukumar NAFDAC.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, ina zaune a birnin Katsina. Shekara 11 ke nan da likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, suga ne." Tun daga ranar na'urarku ta shiga aljihun rigata ta zauna kusa da carbi, kuma yatsun nan nawa goma babu wanda bai sha tsira ba, har gefensu ya yi kanta. A gidanmu ba ni kaɗai ba ne. Yayata, wadda duk gida ke kira Yaya Babba, ta riga ni kamuwa. Ita allurar insulin take yi, idonta ya yi rauni, ni ne mai tsira mata yatsa in karanta mata lambar. Saboda haka wannan takarda da bakin mutum biyu aka rubuta ta.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da godiya zan fara. Iyayenmu sai sun ga tururuwa na bin inda suka yi fitsari kafin su san akwai matsala. Na'urar farko da injiniya Anton Clemens ya ƙera wa kamfanin Ames a Amurka wajen 1970 nauyinta ya haura kilo ɗaya, kuma don teburin likita aka yi ta, ba don aljihun majinyaci ba. Yau ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba ya isa, kafin ka ƙirga biyar lamba ta fito. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, Allah ya saka.

Sai dai da daɗewa na lura cewa ba ni kuke gani ba idan kuka zauna zana wannan na'ura. Wanda kuke gani yana zaune a ɗaki mai sanyi, yana karanta Turanci, idonsa garau, kuma wata inshora ce ke biya masa kuɗin tsinken gwaji, wato ɗan sillen da ake ɗiga jinin a kai. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, miliyan 3.6 daga ciki a Najeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Kasuwa ce babba. Amma kayan da ake kawo mata an ɗinka su ne a jikin wani, mu kuma aka ce mu saka.

Ku ɗauko gwangwanin tsinkenku, wanda 'yan kemis ke kira sitirif, ku karanta abin da kuka rubuta a jiki. Galibi cewa kuke a ajiye shi inda zafi bai wuce maki 30 ba, a nisanta shi da laima, wasu ma sun hana a sa shi a firij. To, a nan daga Maris zuwa Mayu zafin rana haura maki 40 yake yi, haka Sakkwato, haka Maiduguri, haka Maraɗi da Damagaram. Ɗakin Yaya Babba rufin kwano ne. Da azahar idan ka shiga, ƙarfen gado ma ba ya taɓuwa. Ina ne maki 30 a gidan nan? Na nema ban samu ba. Insulin dai mun yi masa dabara: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex. Sanyin tukunyar yana tsare maganin. Amma tukunyar da ke ceton insulin ita ke kashe tsinke, domin sanyinta da laima yake tafe, shi kuwa sinadarin da ke bakin tsinken ba ya shiri da laima kamar yadda ba ya shiri da zafi. Gaba kura, baya sayaki.

Kuma wannan a gida ke nan. Kafin gwangwanin ya iso hannuna ya kwana nawa a cikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Legas? Ya yi kwana nawa a bayan tirela a kan hanya? Ya yi wata nawa a kantar kemis, a jikin gilashin da rana ke duka tun hantsi? Babu abin da ke gaya mini. Ranar ƙarewar aiki da kuka buga tana nan daram, tana cewa saura shekara guda, alhali abin da ke ciki ya riga ya dahu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lalataccen tsinke ba ya ƙin aiki. Da ƙi yake yi, da na jefar na huta. Lamba yake ba ka, da ƙarfin gwiwarsa, kai kuma ka ɗauka ka auna allura a kanta.

Maganin wannan yana hannun duniya tun tuni. Duk uwar da ta kai yaro rigakafin shan-inna, idan ta lura, akwai wani ɗan tambari a jikin kwalbar wanda ke sauya launi idan zafi ya yi mata yawa, ma'aikacin lafiya na gani ya san ta tashi daga aiki. Me ya hana ku manna irinsa a jikin gwangwanin tsinke? In ɗaga a gaban mai kemis in ce, "Ɗan'uwa, wannan ya ƙone, sauya mini." Bayan haka, ku sa masananku su nemo sinadarin da zai jure zafinmu, ku kuma gwada shi a zafinmu kafin ku buga masa hatimi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwa uba. Mun gane dabararku, kuma ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya nemi riba: na'urar da araha, wani lokaci ma kyauta ake rabawa a taron ranar masu ciwon suga ta 14 ga Nuwamba, ribar tana cikin tsinke. Kowace na'ura kuma tsinkenta kawai take ci, ba ta karɓar na wata, wani lokaci ko da kamfani ɗaya ya haife su. A cikin akwatina yanzu haka akwai na'urori uku, lafiyarsu ƙalau, babu wadda ta taɓa faɗuwa ƙasa. Marayu ne. Dillali ya daina kawo tsinkensu, ko kamfani ya fito da sabon samfuri, shi ke nan sun zama kayan wasan jikoki. Wayar hannu ma an kai ga yawancinsu caja ɗaya suke sha. Idan ba za ku iya haɗa kai a kan tsinke ɗaya ba, to aƙalla duk wanda ya sayar da na'ura a ƙasar nan ya ɗauki alkawari a rubuce cewa tsinkenta zai ci gaba da samuwa shekaru masu yawa, in kuma zai janye ta, ya musanya wa mutane kyauta.

Ku yi lissafi tare da ni, tsohon malamin lissafi ne. Mai allurar insulin da aka ce ya gwada sau huɗu a rana yana buƙatar tsinke 120 a wata, wato gwangwani mai 50 har biyu da ɗoriya. Da dala kuke sayar wa dillali. A watan Mayun 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ɗan fansho kuwa kada ma a tambaya. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya koma gwaji sau ɗaya a mako, ko sai jiri ya ɗebe shi. Na san masu cewa, "Ni jikina ke gaya mini." Jiki yana faɗa, amma yakan makara.

Mu mutanen sayen ƙulli ne. Madara a 'yar leda, sabulun gari a 'yar leda, man gyaɗa a cokali. Wanda ba shi da kuɗin gwangwani sai ya je kemis ya ce a ba shi tsinke biyar. Yaron shago ya buɗe gwangwanin, ya zaro da yatsun da ya gama ƙirga kuɗi da su, ya naɗe a takarda ya miƙa. Gwangwanin nan a buɗe shi sau ashirin a yini, iska ta shiga ta fita, na cikin takardar kuma ya kwana a aljihu cikin gumi. Ba na ganin laifin yaron, buƙata ya biya. A cikinku akwai masu naɗe kowane tsinke shi kaɗai a takardar gwangwani kamar ƙwayar magani. Wannan shi ya dace da mu. Ku yi fakiti mai goma, mai biyar, kowanne a rufe ruf, a sayar da shi a farashin da bai fi na babban gwangwani tsada ba idan aka raba.

Yanzu ga abin da na daɗe ina son in tambaye ku ido da ido. Ƙa'idar duniya da kuke bi, ISO 15197 ta 2013, ta yarda na'ura ta kauce wa gaskiya da maki 15 sama ko ƙasa idan sugan bai kai 100 ba, ko da kashi 15 cikin ɗari idan ya kai 100 ko ya wuce, kuma a gwaji 95 cikin 100 ake neman ta cika wannan. Ma'ana, wanda ainihin sugansa 80 ne, na'ura tana iya ce masa 65, tana iya ce masa 95, kuma duka ba ta yi laifi ba. A watan azumi wannan tazara ba wasa ba ce. Jagorar da IDF da ƙawancen DAR na masana ciwon suga da azumin Ramadan suka fitar kan azumin mai ciwon suga ta ce a karya azumi idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, kuma malamai da likitoci sun yi ta bayani cewa tsira yatsa ba ya karya azumi. Na taɓa zama bayan la'asar, saura awa biyu a sha ruwa, jikina na ɗan rawa, na gwada na ga 68. Na sauya yatsa na ga 81. Gwangwani ɗaya, minti ɗaya. Na zauna ina kallon lambobin nan biyu, ga kofin ruwa a gabana, ga ƙanshin ƙosai na tasowa daga madafa. Na sha ruwan, na rama bayan Salla, kuma haka likitana ya ce ya kamata. Amma har yau ina jin cewa na'urar da na saya da kuɗin fanshona ta bar ni ni kaɗai a lokacin da na fi buƙatarta. A ƙasan ma'auni, inda rai ke rataye, ya kamata ku matse wannan tazara.

Akwai kuma ruwan nan na gwada lafiyar na'ura, wanda takardarku ke cewa a ɗiga a kan tsinke idan ana shakka. Na zaga kemis-kemis ina tambaya, wasu sai su dube ni kamar na nemi nonon kaza. Ku sa 'yar kwalba ɗaya a cikin kowane kwali, a wuce wurin.

Jininmu ma ku yi la'akari da shi. Masana sun san cewa ƙarancin jini yana sa na'urori da yawa su nuna lamba sama da gaskiya. Mu kuwa ƙasar zazzaɓin cizon sauro ce, ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila, ga mata masu juna biyu da jininsu ke ƙasa. Mutum sugansa na faɗuwa, na'ura na ce masa lafiya lau. Sababbin na'urorinku na masu kuɗi suna gyara wannan da kansu. A sauko da gyaran zuwa masu araha, tunda masu arahar ake kawo mana.

Bari in ba ku labarin daren da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani ɗanmu da ke karatu a waje ya aiko wa Yaya Babba sabuwar na'ura, kyakkyawa. Ina masallaci sallar isha'i ta ce jikinta ba daɗi, jikarta ta gwada ta, allo ya nuna 18. Yarinyar ta saba jin ina cewa 140, 180, kuma na sha gaya mata duk abin da ya gaza 70 a nemo zaƙi da gudu. Ta ga 18, hankalinta ya tashi, ta dama zuma a ruwa ta ɗura wa tsohuwa, ta ƙara da dabino uku. Da na shigo na karɓi na'urar na kai ta kusa da fitila, sai ga wasu 'yan haruffa a lungun allo, ƙanana kamar ƙafar sauro: mmol/L. Ma'aunin Ingila ne. A ninka da 18, sugan Yaya 324 ne a ma'aunin da muka saba, kafin zuma. A asibiti muka kwana. Yarinyar ta yi kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ni ba, alhali abin da na koya mata ta yi.

Mu nan bakin iyaka ma ma'auni uku muke fama da su. Na'urar gida ta ce 126, takardar ɗakin gwaji ta ce 7, surukina da ke zuwa daga Maraɗi ta Jibiya takardarsa ta ce 1,26, domin su ma'aunin Faransa suke bi. Duka abu ɗaya ne. Ranar da ya ce mini sugansa "biyu da rabi" na kusa aika yaro sayen lemo don na ɗauka ya faɗi, ashe 250 yake nufi. Ba ku kuka raba duniya haka ba, na sani. Amma kuna iya rubuta ma'aunin da manyan baƙi, kuna iya sa launi: ja idan abu ya ɓaci, kore idan lafiya, da kibiya mai nuna sama ko ƙasa. Wasunku sun fara, saura ya zama dole a kowace na'ura.

Sannan ku sa ta yi magana. Ciwon nan da kansa yake cin ido, ku kun fi ni sani, amma lambar da aka ce mai raunin ido ya dogara da ita a allo mai dishi-dishi take fitowa, wanda a rana ba ya karantuwa, a duhu ba ya haske. Akwai na'urori masu magana da Turanci da Sifaniyanci da Faransanci da Larabci. A duk kantunan da na shiga ban ci karo da mai Hausa ba. BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, ƙaramar waya mai tocila ma tana da Hausa a cikinta. Jimloli nawa ake buƙata? Lambobi, sai "suga ya faɗi, a sha abu mai zaƙi yanzu", sai "suga ya hau sosai, a tafi asibiti", sai "jinin bai isa ba, a sake", sai "a wanke hannu". Wannan na ƙarshen kada ku raina shi: wanda ya ɓare mangwaro ko ya taɓa dabino ya gwada bai wanke hannu ba, zaƙin yatsansa na'ura za ta karanta. A maimakon haka abin da muke samu shi ne HI da LO da E da wata lamba, sai ka warware takarda mai ninki goma sha, rubutu kamar an watsa gero, harsuna barkatai babu naka. Shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, da zane, ya fi mana wannan tabarmar. Tsofaffinmu da yawa da ake cewa ba su yi karatu ba suna karanta ajami sarai.

Ƙananan abubuwa kuma, a gurguje. Batirin nan mai kama da kwabo a ƙauye ba a samunsa, ku yi mai cajin waya ko mai batirin tocila. Bakin da ake soka tsinke a yi masa murfi, ƙurar hunturu tana cika shi. Kwanan wata da ke gogewa duk sanda aka cire batir ya daina gogewa, don likita ya ga tarihin da zai yi aiki da shi. Allurar tsira yatsa mai kulle kanta bayan amfani ɗaya a yi ta da araha, saboda a shaguna da tarukan gwaji kyauta akan bi mutane da alƙalamin tsira guda ɗaya, ciwon hanta kuwa ta jini yake bi. Na ga masu manna wani faifai a dantse wanda ke karanta suga kwana 14 ba tsira, irin FreeStyle Libre da ya fito a Turai a 2014. Na yi sha'awa, na tambayi kuɗin, na yi shiru. Ba shi nake roƙo yau ba.

Ga NAFDAC, roƙona biyu ne. Tsarin nan na kankare lamba a aika saƙon waya don tantance magani, wanda kuka fara a 2010, a faɗaɗa shi ya hau kowane gwangwanin tsinke. Na biyu, bayan samfurin da kamfani ke kawowa ofis a yi masa rajista, a riƙa fita kasuwa ana saye kamar yadda muke saye, a kasuwannin magani na Dangwauro ta Kano, Idumota ta Legas da Onitsha, har da ƙaramin kemis na ƙauye, a tsakiyar bazara, a kai ɗakin gwaji, a buga sakamakon kowa ya gani. Idan kuma kuna zama da masu tsara kasafi, ku tuna musu da harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da aka kafa a dokar kuɗi ta 2021. Ko wani ɓangare nasa aka karkatar ga tsinken gwaji, ko aka sa tsinken cikin abin da inshorar lafiya ke biya, da yawa za su koma gwaji kullum.

Ku kuma masu ƙerawa, ga gayyata. Kafin ku fito da samfuri na gaba, ku turo injiniyanku Katsina a watan Afrilu. Zan shimfiɗa masa tabarma a zaure, fura tana nan, mara sukari. Ya bar na'urar da tsinkenta su yi mako biyu a ɗakin Yaya Babba, a kan kantar da take ajiye Alƙur'aninta. Ranar da za a gwada, ni zan fita waje, jikarta ma ta fita. Idan tsohuwar nan ta tsira yatsanta, ta san ko ta ci abinci ko ta nemi asibiti ba tare da ta ƙwala mini kira ba, ku kai ta kasuwa, ni zan fara saye.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malami mai ciwon suga,
Katsina.